Ƙafafun Kabad ɗin Ya Falmata

Sun rushe rumfar Oga Boni. Na bi ta wajen ran kasuwa na tarar an zube bulo da yashi, wai shagon cajin waya za a gina. Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ce, amma na tsaya a tsakiyar hanya har mai Keke ya gaji da yi mini hon. Kada kuma wani ya ce mini ban kai shekarun tuna baya ba. Duk wadda ta yi 'yammatancinta a Potiskum a shekarun nan da aka sha wuya ta tsufa, da furfura ko babu.

Ina gab da gama sakandare aka rufe makarantu, aka ce kowa ya koma gida sai an neme shi. An hana hawa babur, waya wani lokaci ta yi wata da watanni ba ta shiga, ga dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba. Garin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar manyan motoci, sai ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya daga unguwar gaba. Ni kuwa zaman gida bai karɓe ni ba. Inna ta ce zama da ni kamar a kulle akuya a ɗakin tsaba ne. Don ta huta da bakina sai ta riƙa miƙo mini buhu kowace safiya, in fita daga gidanmu na Yindiski in je in ɗebo mata dusar katako ta hura wuta. Haka na san rumfar Oga Boni.

Ibo ne, Kirista, ya zo garin tun Babanmu yana saurayi. Gajere, mai ƙaton ciki, kullum da fensir a bayan kunne. Yaran shagonsa duk 'yan kudu ne, kuma da abin ya yi tsanani iyayensu suka kira su gida ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ƙi tafiya. In an tambaye shi sai ya ce, "In je ina? Ƙofar gidan liman ma ni na rataya." Wata safiya na same shi yana kokawa da wani dogon katako, ya danne wannan kan wancan ya tashi. Na tsaya ina kallo da buhuna, na ce masa in haka zai yi, har magariba bai yanka ba. Ya ɗago ya harare ni.

"Kai, yarinya, riƙe nan."

"Ni ba kai ba ce."

"To, kai ba kai ba. Riƙe nan."

Na riƙe. Ranar Inna ba ta ga dusa ba sai azahar.

A gidanmu Karai-Karai ake yi. Ina da wayo muka baro ƙauye, don haka Hausar da nake da ita a lokacin ta kasuwa ce, ta isa in yi ciniki in yi faɗa, amma ba ta isa in faɗi abu mai laushi ba. Tasa Hausar kuwa ta fi tawa daɗewa amma ta fi tawa rauni, kamar tsohuwar tabarma. Mun gwada Turanci. Nawa na makaranta ne, nasa na buroka, na gyara masa magana sau ɗaya ya yi yini guda bai kula ni ba. Sai muka dawo kan Hausa, tunda ita ba ta kowa ba ce a cikinmu, babu mai yi wa wani gori. Rabin sana'ar nan da kalmomi kaɗan na koye ta: "haka", "ba haka ba", "kaɗan", "ya isa". In magana ta ƙare masa sai ya ciro fensir ya ƙwanƙwasa wurin da na ɓata, ya tsaya yana kallona har sai na gano da kaina. Sunayen kayan aiki kuma kowanne da asalinsa. Zarto da guduma na Hausa ne, filen da cizil da sanfefa na Bature ne da suka sha rana, akwai kuma wani ɗan ƙarfe na jan layi da har yau ban san sunansa da kowane yare ba. "Wancan" muke ce masa.

Kafin ya bar ni in yanka katako na kirki, na gaji da shara, na gaji da wasa cizil a kan dutse, na gaji da miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan guntun ƙarfen layin dogo. Kullum sai na yi masa ƙorafi, kullum sai ya ce, "Sauri ya haifi nawa." Daga nan ya sa mini suna Sauri, sunan ya bi ni har yanzu. Amma in na rufe ido ba gajiyar nake tunawa ba. Ina tuna ƙamshin maɗaci in an fara goge shi, da ɗacinsa da ke kama harshe ko ba ka lasa ba. Ina tuna yadda filen mai kaifi ke tafiya shuu, ɓawon katako na fitowa a nannaɗe kamar an yi masa kitso. In ladan ya kira azahar Oga da kansa ke cewa, "Je ka yi salla, katako ba ya gudu." Wani lokaci a ji ƙara daga nesa, irin wadda ba a tambayar ta mece ce. Zarto ya tsaya. Mu kasa kunne. In ba a sake ba, ya yi alamar gicciye, ni in yi salati, zarto ya ci gaba. Yaran da ke aiki a wurina yanzu ba su san wannan ba, Allah kada ya sa su sani. Su dai a tayar da janareta, a tura katakon matse a inji, a harba ƙusa da bindigar iska, kafin la'asar an gama gado. Yana da kyau a hoton waya. Ruwa ya taɓa shi sau ɗaya ya kumbura kamar burodi. Ni ma ina yin irinsa, don shi ake nema, ba zan yi ƙarya ba. Amma hannuna bai taɓa jin daɗinsa ba.

Babanmu manomi ne, ba mai yawan magana ba. Ya bar ni ina zuwa rumfar ne don ya san Oga tun da daɗewa, kuma a ganinsa wasa nake yi kafin a buɗe makaranta. Sai ga ɗan Oga ya zo daga kudu, ya ce uwarsu ta ce ko da ɗauri a kawo mata mijinta. Wannan karon Oga bai yi gardama ba, gwiwoyinsa sun fara ba shi wuya. Da labari ya kai gida, Baba ya kira ni ya ce da yarenmu, ranar da Oga ya hau mota, ranar na ajiye zarto. Ya ce riƙe wa kafinta katako daban, zama kafinta daban, kuma ba zai bar 'yarsa a bakin titi tana ɓata wa mutane kaya da sunan sana'ar da ba ta iya ba. Na ce na iya. Ya ce maraƙi ma yana ganin shi ke jan garma in yana bin uwarsa. Na kai wa Oga maganar ina huci. Ya saurara har na gama, sannan ya saka hularsa ya tafi gidanmu da ƙafarsa. Ban ji abin da suka tattauna ba. Da ya dawo ya ce, "Aiki ɗaya ya rage. Kai za ka yi, ni ba na taɓa. Babanka zai zo ya gani."

Aikin na wata mata ce, Ya Falmata. Babarbariya ce, doguwa, ta fito daga can cikin Barno da gudu, ita da 'ya'yanta, wani ɗan'uwan mijinta ɗan kasuwa ya ba ta ɗaki a gidansa a Bolewa. Da suka fito ba ta ɗauki komai ba sai kwanukanta na jere, kwalla da samira da tasoshi, wasu tun na auren uwarta, ta ƙulle su a zani ta ɗora a ka. Tun zuwanta suna jibge a ƙasa a kusurwa, abin yana damunta. Ta zo rumfa da kanta cikin lafaya, ta ce tana son kabad mai gilashi. Hausarta ta fi tamu duka ƙaranci. Ta nuna ƙusa a kan tebur ta kaɗa yatsa.

"Wannan babu. A haɗa, a kwance. A haɗa, a kwance."

Oga ya ce, "Don me, Hajiya? Ƙusa ta fi ƙarfi."

"Don gobe."

"Gobe me?"

"Gobe gida."

A lokacin mutane da yawa haka suke zaune, ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a bakin ƙofa.

Kabad marar ƙusa aikin haƙuri ne, ni kuwa kun ji halina. Sai an fafe rami a wannan katako, a fiƙe harshe a wancan, harshen ya ratsa ramin ya leƙo ta baya, sannan a cusa masa ɗan fegi ya riƙe. In za a kwance, a bugi fegin ya fita, shi ke nan. Oga yana kiransu miji da mata, yana cewa in sun yi sako-sako gidan zai mutu, in sun matse da yawa ɗaya zai tsage. Ya cika alkawari, bai taɓa ba. Ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa, in na ɗaga kai in tambaye shi sai ya kalli titi. Sau ɗaya na ga hannunsa ya taso da kansa, ya mayar da shi ya zauna a kai. Na haɗa shi a kan simintin rumfa ya tsaya cak, ƙofofin gilashin suna rufuwa da ɗan numfashi, fuf. Na kwance, muka ɗaure guntayen da tsumma.

Baba ne ya kawo amalanken shanunsa ya ɗauka. Ya ce tunda za a yi shirme gara ya gani da idonsa. A shingen sojoji aka sa muka sauke komai. Wani soja baƙi dogo ya juya guntayen, ya tambaya da tasa karyayyar Hausar wa ya yi. Oga ya nuna ni da leɓe. Sojan ya yi dariya ya ce, "Wannan ƙaramin madam? In ya faɗi kan mutum, ni zan zo kama ka." Na ce masa ya fara neman ankwa daidai hannuna. Baba ya daka mini tsawa, amma an bar mu mun wuce.

Gidan na ba-shiga ne. Baba da Oga suka tsaya a zaure, aka shimfiɗa musu tabarma. Ni da matan gidan muka yi ta jigilar guntaye zuwa ciki. Ɗakin Ya Falmata yana manne da bangon zauren, akwai wata 'yar taga a sama, don haka duk abin da aka yi a ciki ana ji a waje. Na fara haɗawa, mata sun cika bakin ƙofa suna ta Barbarci suna dariya, na san da ni suke amma ban damu ba. Na buga fegi na ƙarshe, na rataya ƙofofi, na tura. Ta dama ta rufu. Ta hagu ta ƙi, ta tsaya a karkace, bakinta na sama ya haye kan 'yar'uwarta. Na taɓa kabad ɗin ya yi rawa.

Na ɗaga murya wajen tagar. "Oga! Ƙofa ta ƙi!"

"Ta ƙi yaya?"

Nan fa Hausa ta tsaya mini. Na san abin da nake gani, da yarenmu ina da kalmarsa, amma shi ba ya ji. Na ce ya karkace. Ya ce gaba ko gefe? Na ce ba gaba ba, ba gefe ba, kamar an matse wanki. Ya ce, "Duba ƙasa." Na durƙusa. Ɗakin daɓen ƙasa ne, ya lotsa ta wajen bango, ƙafafu biyu sun taka, ɗaya ta ɗan taɓa, ɗaya tana lilo a iska har yatsuna biyu suna shiga ƙarƙashinta. Na faɗa masa. Na ji ya yi ajiyar zuciya.

"Ƙaramin abu. Ja layi, yanke dogayen ƙafa, su zo daidai da ƙasa. Yi sauri, Sauri, rana tana tafiya."

Abin da kowane kafinta zai yi ke nan, kuma ya koya mini yadda ake yi. Na ja layi, na kwantar da kabad ɗin da taimakon matan, na ɗauko zarto. Ban kai ga ɗora shi ba Ya Falmata ta kama bakinsa da hannunta, ta wajen haƙoran. Ta yi ta magana da Barbarci, da sauri. Wata yarinya ta so ta fassara, ta ture ta, ta nemo Hausar da kanta.

"Wannan ɗaki ba nawa ba. Ɗaki nawa siminti. Daidai." Ta shimfiɗa tafin hannunta a iska ta ja shi a miƙe. "Ki yanka, a can ya yi gurgu."

Na kalli fuskarta. Wa ya san ko ɗakin nan nata yana tsaye, ko an ƙone shi tuni? Ita ma ba ta sani ba. Amma in na yanke ƙafafun nan daidai da ƙasar aro, na gaya mata ke nan nan ne gidanta.

Oga ya ƙwala daga zaure, "Ban ji zarto ba!"

Na ce, "Ba zan yanke ba!"

"Ka ce me?"

"Na ce ba zan yanke ba, Oga! Kai ba ka gani, ni ina gani!"

Na san Baba yana zaune yana jin 'yarsa tana yi wa maigidanta tsawa ta taga a gidan mutane, kuma na san abin da hakan ke nufi a wurinsa. Matan suka daina dariya. Wata tsohuwa ta kawo shawarar a cusa tsingaro ko dutse, Ya Falmata ta ce kwanukan uwarta ba za su zauna kan tsingaro ba, ni ma na san yaro ɗaya ya jingina zai zame. Na zazzage buhun kayan aiki, na samu guntayen maɗaci da na zo da su don kada gilashi ya gogu a hanya. Na zauna a ƙasa na fafe wa kowanne rami daidai bakin ƙafa, kamar takalmi, wannan mai kauri, wancan siriri, kowanne gwargwadon lotsawar wurinsa. Na gwada, na rage, na sake gwadawa. Ban taɓa yin aiki a hankali irin na ranar ba, ga rana tana sauka, ga doka tana matsowa. Muka tayar da kabad ɗin muka zura masa takalmansa. Na girgiza shi, ko motsi. Na tura ƙofofin, suka haɗu, fuf.

Matan suka rangaɗa guɗa. Ya Falmata ta kwance ƙullin zaninta ta fara goge kwanuka tana jerawa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tana ja da baya tana dubawa. Ta daɗe a garin nan bayan haka, amma daga baya ta koma gida. Ni na je na kwance mata shi, da ƙafafunsa huɗu cif yadda aka yi su.

Da na fito zaure na faɗa wa Oga abin da na yi, da abin da matar ta ce. Ina jira ya yi faɗa. Ya ciro fensir daga kunnensa ya juya shi, ya juya shi, sannan ya dubi Baba.

"Malam, ka ji ko? Ni na ce yanke. Da ni ne a ciki, da na yanke."

Baba ya tashi ya kwance shanunsa. Har muka isa gida bai dube ni ba, ni kuma ban tambaya ba, don na san in na matsa masa zai ce a'a ko don kada a ce na fi ƙarfinsa. Wannan shirun shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi.

A satin Oga ya tafi. Muka raka shi tasha, ya yi ta barkwanci da 'yan kamasho don kada a ga idonsa. Ya ja Baba gefe suka yi ƙus-ƙus, ya ɗago mini hannu ta taga ya ce, "Sauri, wasa cizil kullum!" Motar ta tashi.

Washegari na yi wanka na shirya kamar kullum, sannan na tuna ba ni da wurin zuwa. Na zauna a gindin turmi da kofin kunu, Inna tana satar kallona. Baba ya fito da fartanya a kafaɗa, ya wuce ni har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin rumfar Oga, ya ajiye a kan turmin.

Ya ce da yarenmu, "Rana ta yi, kina zaune. In kin tashi daga aiki ki biyo ki duba mini ƙyauren garken nan, ya ishe ni."

Inna ta ce in shanye kunun tukuna. Ina jin ta, amma na riga na kai waje.